Tsohuwar Bindigar Yaƙi a Matsayin Takardar Tarihi

Kalmomi uku da Bahaushe yake amfani da su game da wannan makami, watau bindiga da albarushi da harsashi, dukkansu aro ne daga Larabci. Bindiga daga bunduƙiyya take, albarushi daga al-barud, harsashi kuwa daga ar-rasas, wanda ma'anarsa ta asali dalma ce. Wannan kaɗai ya isa ya nuna ta inda aka fara jin labarin makamin a ƙasar Hausa, watau ta hanyar fataken Sahara da kuma ta Barno, inda Mai Idris Alauma ya ɗauko Turkawa masu harbi a wajejen ƙarshen ƙarni na 16, kamar yadda limaminsa Ahmad ibn Fartuwa ya rubuta. Amma ko da yake suna ya zo ta arewa, mafi yawan bindigogin da suka shigo daga baya ta kudu suka biyo. Littafin Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kumbari (1731-1743) aka kawo bindigogi daga Nupe, Babba Zaki (1768-1776) kuma shi ne ya fara kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki.

Ragowar waɗannan makamai, da na ƙarnin da ya biyo, suna nan warwatse a fadoji, da gidajen sarauta, da ɗakunan ajiya na gidajen tarihi, wasu a jingine a lungun soro, wasu a naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin gado. Bindigar da ta gama aikinta na makami ba ta zama ƙarfen banza ba. Ta koma takarda ce, wadda aka yi wa rubutu sau uku: masana'antar da ta ƙera ta ta buga mata hatimi, hannuwan da suka riƙe ta sun bar mata alama, sa'an nan akwai labarinta da ke bakin magada. Abin takaici, galibin abin da ake kira kula da tsohuwar bindiga shafe ɗaya daga cikin rubutun nan uku yake yi.

Abin da ake tattarawa

Hausa ta haɗa abubuwa biyu mabambanta a ƙarƙashin suna guda. Na farko shi ne bindigar ɗuri, wadda ake zuba wa albarushi ta baki, a tura dalma a danne da sanda, ƙanƙara ta ƙyasta wuta ta tashi. Cikin bututunta sumul yake, sabili da haka harsashi yakan fita yana tangaɗi, da zarar ya wuce taki 100 kuwa sai sa'a. Ita ce ake kira bindigar toka, ko adaka, ko kuma harba-ruga, sunan da ya bayyana halinta sarai. Turawa sun laƙaba mata sunan mutanen Denmak, domin 'yan kasuwar ƙasar suna daga cikin masu sayar da ita a gaɓar tekun da ke ƙasar Gana ta yau, ko da yake a ƙarni na 19 mafi yawanta a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam ake ƙerawa. Na biyu shi ne bindiga mai murɗaɗɗen zane a cikin bututu, wanda yake sa harsashi ya fita yana juyawa kamar mazari, ya tafi sak har nesa.

Shekaru arba'in da 'yan kai da ke tsakanin 1853 da 1895 su ne suka fi jan hankalin masu tattara bindigogi, domin a cikinsu makamin sojan ƙasa ya sake kama sau da dama. Enfield ta 1853 tana da murɗaɗɗen zane, amma har yanzu ta baki ake ɗura ta. A 1866 Ingila ta yanke bayan waɗannan bindigogi ta sa musu murfi mai buɗewa, aka kira su Snider. A 1871 ta karɓi Martini-Henry, wadda ta haɗa sunan mutum biyu, Martini ɗan Suwizalan da ya tsara mabuɗin bayanta, da Henry ɗan Sikotilan da ya tsara zanen bututun. A shekarar nan ce Jamus ta karɓi Mauser, Faransa kuma ta karɓi Gras a 1874. Sai a 1886 Faransa ta fito da Lebel mai amfani da albarushi marar hayaƙi, cikin 'yan shekaru kuwa duk waɗancan suka zama tsohon yayi. Gwamnatocin Turai suka shiga sayar da su da araha ga dillalai, dillalai kuma suka nufo Afirka da su.

Wannan kwarara ce Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta nemi tsayarwa. Ta hana sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani a mafi yawan nahiyar, amma ta bar ƙofa a buɗe ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don hana cinikin bayi aka yi haka. Ko mene ne nufin, sakamakon a bayyane yake: sa'ad da Kanar Morland ya tsaya a bakin ganuwar Kano ran 3 ga Fabrairu 1903 da soja fiye da 700 da igwa 4 da bindigar Maxim 4, tazarar da ke tsakanin makaman ɓangarorin biyu abu ne da aka riga aka rattaba wa hannu shekara 13 kafin ranar.

Bai kamata a ɗauka cewa bindiga ta yawaita tun da wuri ba. Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta dubban mayaƙa tana yaƙin Gobirawa a 1826, bindigogi kimanin 40 kawai ya ƙirga a cikinta. Sai a rabin ƙarshe na ƙarnin al'amari ya sauya. Masaba na Nupe ya yi ƙarfi da bindigogin da yake saye daga Turawan kogin Kwara. Labarin da Nachtigal ya ji a Kukawa shi ne Sarkin Damagaram Tanimu yana da bindiga 6,000 da igwa 40, kuma ko da an yi ƙari a lissafin, tabbas ne ana zubin igwa a Damagaram. Amma wanda ya fi kowa nuna abin da bindiga mai cin harsashi ta baya za ta iya yi shi ne Rabe. Ya taso daga rundunar Zubairu ta Sudan, inda aka saba da Remington irin ta sojan Masar, kuma a 1891, bayan an kashe Bafaranshen nan Crampel a Dar al-Kuti, bindigogin ayarinsa suka faɗa hannun Rabe. Bayan shekara biyu ya ci Barno ya zauna a Dikwa. Da aka kashe shi a Kusuri ran 22 ga Afrilu 1900, aka kuma kashe ɗansa Fadlallah a Gujba a 1901, mayaƙansa suka watsu. Saboda haka idan aka tsinci Remington ko Gras a wani tsohon gida a gabashin ƙasar nan, ya cancanci a zauna a yi tambaya mai tsawo kafin a taɓa ta.

Yadda ake karanta ta

Rubutun farko, na masana'anta, shi ya fi sauƙin karantawa. Bindigar sojan Ingila takan ɗauki hoton kambin sarauta da haruffan V.R. a ƙarƙashinsa idan ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce, da sunan masana'anta kamar ENFIELD, da shekarar ƙira. Akwai kuma wata alama mai kama da kan kibiya, wadda ke nufin kayan gwamnati ne. Idan aka ga kibiyoyi biyu sun haɗa kai, ma'anarsa gwamnati ta sallami bindigar ta sayar, kuma wannan ƙaramar alama ita ce sau da yawa take bambanta bindigar da aka saya a kasuwa da wadda aka kwasa a fagen fama ko aka gudu da ita daga bariki. Bindigar Faransa takan ɗauki sunan ɗaya daga masana'antun gwamnati na Saint-Étienne ko Châtellerault ko Tulle, da shekarar samfurin. A kan bututu, kusa da gindi, akan sami hatimin gidan gwaji, inda ake ɗura wa bututu albarushi fiye da kima a harba don a tabbatar ba zai fashe ba. Gidan gwajin Bamingam an kafa shi a 1813. Hatimin na Liyej haruffa uku ne, ELG, a cikin zobe mai siffar ƙwai.

Sai dai hatimi ma yana ƙarya, ko kuma ya faɗi rabin gaskiya. Masu ƙera bindigar kasuwa sun gano cewa mai saye yana son ganin kalmar TOWER da kambin sarauta, sai suka riƙa buga su a kan bindigar da ba ta taɓa shiga ma'ajiyar gwamnati ba. Har ila yau sukan harhaɗa bindiga daga sassan da soja suka zubar, ta yadda kunama da bututu za su iya bambanta da shekaru 30. A mashigin Khyber, tsakanin Pakistan da Afganistan, maƙera sun daɗe suna kwaikwayon Martini-Henry har da hatiminta, kuma akan gane aikinsu ne ta harafin N da suka juya baya a cikin ENFIELD, ko ta haruffan V.R. tare da shekarar da ta wuce 1901, alhali a Janairun shekarar Biktoriya ta rasu. Ƙa'idar da ɗalibi zai riƙe ita ce shekarar da ke jikin ƙarfe tana faɗin lokacin da ba zai yiwu bindiga ta riga shi ba, amma ba ta faɗin lokacin da ta iso Kano ko Zariya. Duk da haka amfaninta ba kaɗan ba ne. Idan magada suka ce kakansu da wannan bindiga ya bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi a 1903, aka duba aka ga 1916 a jikinta, to, ba lalle ne labarin kakan ƙarya ne ba, amma bindigar ba ita ce ba.

Rubutu na biyu shi ne ya fi daraja ga mai nazarin tarihin ƙasar nan, kuma shi ne dillalan ƙetare suke ɗauka aibi. Ƙota ta tsage, aka ɗaure ta da ɗanyar fata ta bushe ta riƙe kamar ƙarfe. Wani maƙeri ya ƙera sabuwar kunama da hannu, shatin guduma yana nan a jikinta. An buga ƙusoshin tagulla jere a gindi, an rataya laya a wuyan ƙota, wurin da kunci yake dafawa ya yi santsi. An yanke bututu don ya yi daidai da mahayin doki, ko kuma an mai da bindiga mai cin harsashi ta baya ta koma ta ɗuri domin harsashinta ya yanke a kasuwa, wanda shi kansa shaida ce a kan yadda takunkumin 1890 ya yi aiki. An san cewa maƙeran Samori Ture, a yammacin Afirka, sun kai ga kwaikwayon bindigogin Faransa masu cin harsashi ta baya kafin a kama shi a 1898. Mai son sanin iyakar gwanintar maƙeran Kano ko Bida ko Damagaram a wancan zamani, babu takardar da za ta gaya masa kamar irin wannan gyara. Martini-Henry da ke fes kamar ranar da ta fito daga masana'anta akwai dubbanta a duniya, balle ma tun 2003, sa'ad da wani kamfani ya sayi tsofaffin bindigogi fiye da 50,000 da suka shekara da shekaru a jibge a wata tsohuwar fada a Katmandu ta ƙasar Nepal. Amma Martini-Henry mai ɗaurin jar fata da layar wani malami guda ɗaya ce tak.

Rubutu na uku ba ya jikin bindiga, kuma shi ya fi saurin salwanta. Wa ya mallake ta, daga ina ya samo ta, wa ya gada, wane kirari ake yi mata ko ake yi wa mai ita. Dattijon da ya san wannan idan ya rasu, abin da ya rage ƙarfe ne da itace.

Kula da ita

Kafin kome, tilas a ɗauka cewa kowace tsohuwar bindigar ɗuri a ɗure take. Maharbi da mayaƙi ba sa ajiye ta fanko, baƙin albarushi kuwa idan bai jiƙe ba yana iya tashi bayan shekara 100. Akan zura siririyar sanda ta itace cikin bututu har ta tsaya, a yi mata alama a bakin, a zaro a gwada ta waje. Idan ba ta kai ramin da wuta ke shiga ba, akwai abu a ciki, kuma cire shi aikin ma'aikacin makamai ne na soja ko na 'yan sanda, ba na mai gida ba. Harba ta don a ga ko tana aiki kuwa ganganci ne. Tsatsa takan ci bututu ta ciki inda ido ba ya gani, kuma bindigar da aka yi don baƙin albarushi ba ta jure ƙarfin na zamani.

Babban abokin gābar bindiga a ƙasar Hausa shi ne juyin yanayi, domin abu biyu ne aka haɗa masu saɓanin buƙata. Ƙarfe yana son bushewa, itace ba ya son ta yi yawa. A Kano laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a lokacin hunturu, ta haura 70 a watan Agusta. Da damina ƙota ta kumbura, ƙarfe ya yi tsatsa. Da hunturu ƙota ta tsuke, amma ƙarfen da ke cikinta ba ya tsukewa tare da ita, sai ta tsage, galibi a wuya ko a bayan kunama. Gidajen tarihi sukan nemi riƙe laima a wajejen kashi 50 ga kayan da suka haɗa ƙarfe da itace. Inda babu na'ura, ko babu tabbacin lantarki, ɗakin ƙasa mai kaurin bango da ke tsakiyar gida ya fi ofis mai rufin kwano da gilasai, domin abin da ke kashe kaya shi ne saurin sauyi. Na'urar sanyaya ɗaki da za ta yi aiki da safe ta mutu da rana ta fi rashinta ɓarna.

Kada a jingina bindiga da bango, kada ƙota ta taɓa ƙasa, saboda gara da danshi. A kwantar da ita a kan katako da matashi a wuri biyu ko uku. Kada a naɗe ta a leda, domin leda tana tara gumi. Kuben fata ma, duk kyansa, ba wurin ajiya ba ne, saboda bagaruwar da majema suke jima da ita tana cin ƙarfe, fata kuma idan ta daɗe a jikin tagulla takan haifar da wani koren datti mai danƙo. Fatar da ke cikin gyaran bindigar ita kam a bar ta inda take, a riƙa dubawa. Gumin hannu gishiri ne, kuma shatin yatsa yakan zauna a jikin ƙarfe har abada, saboda haka da safar hannu ake ɗauka.

A wajen tsaftacewa ne ake yin ɓarnar da ta fi kowace yawa, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari, wadda ke kama yatsa, ita ce mai rai da ke ci gaba da cin ƙarfe. Akwai kuma baƙi-baƙin launi mai santsi da shekaru suka shafa, wanda ya riga ya tsaya, har ma kariya yake bayarwa. Ta farko akan tausasa ta da ɗan man inji marar nauyi, a kankare a hankali da tsinken itace ko ƙashi, a goge. Na biyu ba a taɓa shi. Wanda ya ɗauko samfefa ko toka da yashi, ko ya kai wa mai injin wasa wuƙa don bindigar kakansa ta yi walƙiya ranar salla, a cikin rabin sa'a zai share hatimin da zurfinsa bai kai kaurin farce ba. Garin neman gira an rasa ido. Haka nan fenti da baƙin mai na mota. Man gyaɗa da man ja da man kaɗanya, waɗanda aka saba shafawa, sukan yi tsami su daskare su kama ƙura, idan kuma suka tsiyaya cikin ƙota sai itacen ya yi baƙi ya yi laushi. Abin da gidajen tarihi suka fi amincewa da shi shi ne wani kaki da ake tacewa daga man fetur, wanda aka daidaita haɗinsa a ɗakin bincike na Gidan Tarihin Biritaniya a shekarun 1950. Shafi ɗaya marar kauri ya isa, kuma ana iya cire shi in an so. Ƙa'idar ke nan a duk aikin adana kayan tarihi, kada a yi abin da na baya ba zai iya warwarewa ba.

Cikin bututu yana da nasa hukunci. Ragowar baƙin albarushi tana jawo danshi, haka ma gishirin da hular tsohon harsashin .303 take bari, kuma mai ba ya narkar da gishiri, sai ruwa. Shi ya sa a sojan Ingila, har da rundunonin Afirka ta Yamma da suka je Bama da Lee-Enfield, ake zuba tafasasshen ruwa cikin bututu bayan harbi kafin a shafa mai. Wannan ya dace da bindigogin ɗuri na 'yan bindigar sarki da ake harbawa a hawan salla, waɗanda kayan aiki ne masu rai, ba kayan ajiya ba. (Abin lura ne yadda kalmar 'yan bindiga, wadda a dā sunan wata ƙungiyar fada ce mai martaba, ta koma yau sunan masu tare hanya da satar mutane.) Bindigar da ta shekara 100 ba a harba ta ba kuwa, ba a zuba mata ruwa.

Doka da ma'aikacin gwamnati

A Ingila dokar 1968 ta keɓe tsofaffin bindigogin da aka ajiye don kallo ko ado daga neman lasin, a 2021 kuma aka fayyace cewa sai wadda aka ƙera kafin Satumban 1939 kuma irin harsashinta ko tsarin tashinta ya zama tsohon yayi. A Amurka dokar tarayya ta ɗauki wadda aka ƙera a 1898 ko kafin haka a matsayin kayan tarihi. Wannan ne ya sa tattara bindigogi ya zama abin sha'awar ɗaiɗaikun mutane a can. A Nijeriya lamarin dabam ne. Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigogin soja, har da mai harsashin .303, cikin jerin waɗanda ba a mallaka sai da lasin Shugaban Ƙasa, bindigar ɗuri ma Kwamishinan 'Yan Sanda yana iya hana mallakarta sai da lasin. Ga kuma Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Ma'anar wannan ita ce a nan tattarawa aikin hukuma ne da masarautu da jami'o'i, kuma duk wanda ya gaji irin wannan bindiga, hanyar da ta fi masa lafiya ita ce ya sanar, ya nemi a karɓe ta ajiya da sunan gidansu.

Amma mutane suna tsoro, kuma tsoronsu yana da dalili. A zamanin da ake bin gida gida neman makamai, magajin da ya ga tsohuwar Snider a ɗakin kakansa yakan ga ya fi masa sauƙi ya jefa ta masai ko ya ba 'yan gwangwan su auna a kilo. Wadda ta isa hannun hukuma kuwa takan shiga tsibi ɗaya da bindigogin ɓarayi. Tun 2021 akwai cibiyar tarayya mai kula da ƙananan makamai, wadda lalata makaman da aka ƙwace yana cikin aikinta, kuma aiki ne da ya wajaba. Abin da ya kamata a ƙara bai fi sa hannu guda ba: kafin a sa wuta ko a yanka, jami'in gidan tarihi ya duba tsibin, ya ware abin da ya girmi Yaƙin Duniya na Farko. A cikin dubu watakila biyar ne za su cancanta, kuma babu wani ɗan fashi da zai yi marmarin bindigar da aka daina yi wa harsashin soja tun zamanin kakanninsa.

Wadda aka ware, ko aka kawo don raɗin kai, aikin farko a kanta na alƙalami ne. A ɗauki hotonta ta kowane ɓangare tun ba a goge ƙura ba. A kwafe kowane hatimi yadda yake, har da harafin da ya juya. A auna tsawonta da faɗin bakinta. A ba ta lamba a jikin ɗan kati da aka ɗaura da zare, ba a zana lambar da ƙusa a jikin ƙota ba. Sa'an nan a zaunar da wanda ya kawo ta, a naɗi maganarsa da Hausarsa ko Fulatancinsa ko Barbarcinsa, a rubuta sunan garin da unguwar da ranar, a ajiye kwafe ɗaya a gidan tarihin, ɗaya a wani wuri dabam kamar Gidan Arewa da ke Kaduna ko ɗakin karatu na jami'a mafi kusa.